Bututun Ruwa Na Las Begas Da Gardamar Mutanen Kwari

A yammacin ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Nebada, wadda ta fi kowace jiha ta ƙasar ƙarancin ruwan sama. Can ƙuryar kudancinta, a tsakiyar hamada, birnin Las Begas yake, wanda ya yi suna a duniya saboda gidajen caca da manyan masaukan baƙi. Ruwan saman da ke sauka masa a shekara duka bai wuce wajen inci 4 ba. Duk da haka mutum fiye da miliyan 2 ke zaune cikinsa da kewayensa, watau kusan kashi uku cikin huɗu na jama'ar jihar, ban da miliyoyin baƙi masu zuwa shan iska kowace shekara.

Shekara 31 cur, tun daga 1989 har 2020, hukumar ruwan birnin nan tana neman a ba ta izini ta haƙa rijiyoyi masu zurfi a waɗansu kwaruruka na makiyaya da ke arewa da ita, ta shimfiɗa bututu mai tsawon wajen mil 300, ta janyo ruwan. Mil 300 kuwa tafiyar kwana goma sha biyar ke nan ga mai ƙafa, in yana cin mil 20 a yini. Mutanen kwarurukan suka ce atafau ba su yarda ba. Rigimar ta faɗo cikin wani fari mai tsanani, saboda haka da yawa suka ɗauke su masu rowa, waɗanda za su zuba ido birni guda ya mutu da ƙishi don tsiron ciyawar shanunsu. Ya kamata a duba hujjojin kowane gefe a hankali, domin maganar ta fi haka zurfi.

Kashi tara cikin goma na ruwan da Las Begas ke sha daga kogin Kolorado yake fitowa. An tare kogin da wata babbar madatsa da aka gama a 1936, ruwan ya taru ya zama tafkin da ake kira Mid, daga nan birnin ke zuƙa. Jiha bakwai ke da rabo a kogin, bisa wata yarjejeniya da suka yi a 1922 da dokar da ta biyo baya a 1928. Abin da suke auna ruwa da shi can shi ne ruwan da zai rufe fili eka guda har ya kai zurfin ƙafa guda, wajen galan 326,000 ke nan. Don sauƙi, a nan za a riƙa ce masa mudu. To, da aka zo rabo, Kalifoniya ta sami mudu 4,400,000 a shekara, Arizona 2,800,000, Nebada kuwa aka ba ta 300,000. Ba wanda ya ga an yi mata ƙwange a lokacin, gama ko a ƙidayar 1930 mutanen Las Begas ba su fi 5,000 da 'yan kai ba. Birni ya yi ta bunƙasa, rabo kuwa yana nan yadda aka yanka shi.

Cikin 1989 sai hukumar ruwan birnin ta shigar da takarda 146 a lokaci guda, tana neman ruwan ƙarƙashin ƙasa na kwaruruka masu yawa. Shugabar hukumar, Patricia Mulroy, mace ce mai kaifin basira da ƙarfin hali, ita ce ta riƙe shirin nan har ta bar aiki a 2014. Dokar Nebada ta ce ruwa na jama'a ne, wanda ya riga amfani da shi kuma shi ne gaba a haƙƙi. Akwai wani babban ma'aikaci, Injiniyan Jiha, shi ke duba ko akwai sauran ruwan da ba a ba kowa ba a kwari, in akwai ya ba mai nema. Inda hukumar ta fi sa ido shi ne Spring Valley, watau Kwarin Idon Ruwa, da maƙwabcinsa Snake Valley, watau Kwarin Maciji, wanda ya ratsa iyaka ya shiga jihar Yuta. Tsakaninsu akwai duwatsu masu tsawo ƙwarai, ƙanƙara na kwanta musu da hunturu, in ta narke ta tsiyaya cikin ƙasa. Ita ce ke ba idandunan ruwa da fadamun kwarurukan rai.

Tun da fari akwai abin lura game da shekarun nan. Farin da aka yi ta kafa hujja da shi a shekarar 2000 ya soma, takardun neman ruwa kuwa sun riga shi da shekara goma sha ɗaya. Sa'ad da aka shigar da su tafkin Mid na da ruwa sosai, ba wanda ke maganar ƙishi. Abin da ake nema a lokacin shi ne ruwan da zai ba birni damar ƙara gidaje da masaukai. Da fari ya zo, tafki ya soma ja da baya, sai aka kakkaɓe tsohon shiri aka sa masa sabuwar riga, aka ce shi ne zai ceci birni ran da kogi ya gaza. Amma fa ko lissafi bai goyi bayan wannan magana ba. Ruwan da Injiniyan Jiha ya yarda a ɗiba a 2012 wajen mudu 84,000 ne a shekara, bai kai sulusin rabon da birnin ke da shi a kogi ba. Da kogi ya ƙafe ɗungum, da wannan bai tsare kowa ba. Har wa yau, farin da ya hana ƙanƙara sauka a duwatsun da ke ba kogin Kolorado ruwa ba zai tsallake duwatsun Nebada ya ƙyale su ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce hukumar ba ta da abin faɗi. Wanda aka ɗora wa nauyin shayar da mutum miliyan 2, ya ga ruwansu duka ta hanya guda yake zuwa, ya kuma ga hanyar nan tana ƙanƙancewa shekara bisa shekara, in ya kwanta ya yi barci bai nemi ta biyu ba, ya ci amanar da aka ba shi. Hukumar kuma ta ce mafi yawan ruwan jihar gonaki ke shanye shi, alhali kuwa mafi yawan dukiyar jihar da harajinta daga birnin suke fitowa. Wannan gaskiya ce. Aibin shirin yana wani wuri dabam, cikin kalma guda da aka gina shi a kanta, watau ragowa.

Hukumar ta ce ba za ta taɓa ruwan kowa ba, ragowa kaɗai za ta ɗiba. Ga yadda aka yi lissafin. Kowace shekara akwai ruwan da ke shiga ƙarƙashin kwari daga duwatsu. A cire abin da aka riga aka ba makiyaya da manoma a rubuce, abin da ya saura ba shi da mai shi, sai a ba birni. A takarda lissafin nan ba shi da kuskure. Amma mai karatu ya tambayi kansa, kafin a zo da famfo, ina ragowar nan take tafiya? Ai ba taruwa take yi a wani rumbu tana jiran mai ɗiba ba. Kwarin da ya shekara dubbai ba a taɓa shi ba, abin da ke shigarsa da abin da ke fita sun riga sun yi daidai wa daida. Ruwan yana fita ta idandunan ruwa, yana jiƙa fadamu, itatuwa da sabarar jejin masu dogayen saiwoyi suna zuƙarsa, rana na shanye sauran. Wani masani Ba'amurke mai suna Theis ya bayyana wannan tun 1940. Duk galan ɗin da rijiya ta ja, dole ta fito daga ɗayan wuri uku: ko ruwan da ke shiga ya ƙaru, ko wanda ke fita ya ragu, ko kuwa ajiyar da ke ƙasa ta zaftare. Famfo ba ya sa ƙanƙara ta ƙaru a kan dutse. Saura biyu ke nan.

Masanan hukumar ba su jahilci wannan ba. Hasali ma dabarar shirin ita ce a yi ta ja har ruwan ƙasa ya nutse ya wuce inda saiwoyin itatuwan ke kaiwa, sa'an nan abin da suke sha da can ya zama na bututu. Ashe ragowar da ake faɗi tana da masu ita, sai dai ba su da takarda, ba su kuma da bakin zuwa gaban Injiniya. Makiyayi kuwa, ko an bar masa rijiyarsa da lambarta a littafi, in fadamar da shanunsa ke kiwo ta bushe, me aka bar masa? Haƙƙinsa na nan a rubuce, abin da haƙƙin ke ciyarwa ya tafi.

Da aka matsa wa hukumar da wannan magana, sai ta kawo alkawari. Ta ce za ta haƙa rijiyoyin gwaji ko'ina, ta sa ma'aikata su riƙa aunawa, in an ga ɓarna ta soma a rage ja, ko a daina, ko a biya wanda aka cuta. Mai jin wannan zai ce ai magana ta ƙare. Amma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba kamar na kogi yake ba, wanda in an rufe ƙofa da safe na ƙasa zai gani kafin la'asar. Tafiyar hawainiya yake yi cikin yashi da tsagar duwatsu. In aka ja ruwa a wuri guda, sai wani irin kwarmi ya faɗa a fuskar ruwan ƙasa, ya riƙa faɗaɗa sannu sannu ta kowace fuska. Idon ruwan da ke nesa da rijiyar zai iya shekaru masu yawa yana ɓuɓɓuga kamar ba abin da ya faru. Ran da kwarmin ya iso shi har mai awo ya gani, ko an kashe famfo a ranar, ruwan kewaye zai ci gaba da gangarawa don cike gurbin da aka bari, idon ruwan kuwa ya ci gaba da raguwa shekaru bayan an daina. Wani tsohon masanin ruwa na gwamnatin Amurka, John Bredehoeft, ya yi ta nanata wannan a rubuce da kuma gaban masu sauraron ƙarar. Awon da ba ya nuna ɓarna sai ta riga ta zama, ihu bayan hari ne.

Bayan wannan akwai halin ɗan Adam, wanda ba ya shiga lissafin injiniya. An ƙiyasta a 2011 cewa aikin, haɗe da ruwan bashin da za a ci dominsa, zai kai wajen dala miliyan dubu 15. A ce an kashe wannan dukiya, an binne bututun da faɗinsa a waɗansu wurare mutum zai shiga ciki a tsaye, an gina unguwanni sababbi, iyalai dubbai sun tare suna sha daga gare shi. Sai wata rana ma'aikaci ya zo da takarda ya ce wani idon ruwa can mil 250 ya ragu. Wane shugaba ne zai tashi ya rufe famfo? Mutanen kwari sun gane wannan tun da wuri, shi ya sa duk sa'ad da aka ce musu a gwada kaɗan a gani, sai su ce ba a gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu.

Ba su kuwa rasa abin nuni ba. A maƙwabciyarsu Kalifoniya akwai kwarin Owens, wanda birnin Los Anjalis ya saye filayensa da ruwansa, ya gina magudana mai mil 233 wadda aka buɗe a 1913. Manoman kwarin suka yi bore, a 1924 suka sa wa magudanar nakiya, suka kuma kama wata ƙofar ruwa suka buɗe ta kwana da kwanaki, duk a banza. Kafin 1926 babban tafkin kwarin ya ƙafe, gindinsa ya zama fili mai gishiri, iska na kwasar ƙurarsa tana zuba wa mutane a huhu, har daga baya aka tilasta wa birnin ya kashe fiye da dala miliyan dubu 2 wajen kwantar da ita. Hukumar Las Begas ta ce zamani ya sake, dokokin yanzu ba za su bari a maimaita haka ba. Watakila. Amma akwai misalin da ya fi wannan kusa, wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne birnin kansa. Sunan Las Begas da harshen Sifaniyanci ma'anarsa fadamu, domin matafiyan da suka sa masa suna idandunan ruwa da ciyawa kore suka tarar a wurin. Aka kafa gari a 1905, aka yi ta haƙa rijiyoyi ba ƙaƙƙautawa, kafin 1962 idandunan sun daina ɓuɓɓuga, ƙasa ma ta zauna ƙafa da dama a waɗansu unguwanni. Wanda ya shanye fadamar gidansu, in ya zo yana rantsuwa cewa ba zai taɓa ta maƙwabci ba, ba a zargi maƙwabci in ya yi jinkirin gaskata shi.

Su wane ne masu gardamar? Abin mamaki, taron mutane ne waɗanda a da ko ga maciji ba sa yi. Akwai makiyayan shanu da tumaki, akwai masu rajin kare daji da namunsa, waɗanda suka daɗe suna ƙarar makiyayan kan cewa dabbobinsu na lalata jeji. Akwai hukumomin ƙananan gundumomi na Nebada da na Yuta, da cocin Mormon, wanda ke da babbar gonar shanu a Kwarin Idon Ruwa. Akwai kuma kabilun Shoshone da Goshute, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Suka haɗu cikin wata ƙungiya mai suna Great Basin Water Network, suna tara kuɗin lauya da taro da sisi, har da bikin shekara da suke yi a ƙauyen Baker don neman gudummawa.

Cikinsu wanda maganarsa ta fi nauyi shi ne wani makiyayi dattijo, Dean Baker, na Kwarin Maciji, wanda ya rasu a 2017 bai ga ƙarshen shari'ar ba. Ba ya zuwa da zagi. Sai ya ɗauki 'yan jarida da 'yan majalisa ya kai su jeji, ya nuna musu wuraren da idandunan ruwa suke a da, waɗanda suka ƙafe saboda ɗan jan ruwan da su manoman kwarin ke yi don ban ruwa, har da nasa. A 2001 ma wani idon ruwa a kudancin kwarin ya ƙafe bayan an yawaita ja kusa da shi, dawakan jeji da suka saba sha nan suka mutu da ƙishi. Hujjarsa ita ce, in 'yan famfunan manoma sun yi haka, ina ga na birni? In kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa?

Su kuwa kabilun, abin da suka kawo ba ya aunuwa da mudu. A tsakiyar Kwarin Idon Ruwa akwai wani kurmi na itatuwa irin waɗanda aka saba gani a kan duwatsu, amma nan sun tsiro a ƙasan kwari saboda ruwa na kusa da bisa. Nan kakanninsu ke taruwa don bukukuwa, nan kuma aka yi musu kisan gilla har sau uku, a 1859 da 1863 da 1897, biyu na farkon a hannun sojan Amurka. A wurinsu kowace itaciya tana tsaye ne a madadin wanda ya faɗi. Ga mutanen da suka ɗauki wuri haka, a ce musu in itatuwan sun bushe za a biya diyya ko a dasa waɗansu, ƙarin cin fuska ne. A nan ne alkawarin biyan ɓarna ya nuna iyakarsa.

Amma kada a ɗauka masu gardamar ba su da nasu aibin. Makiyayan da ke kukan za a ƙwace musu ruwa, kakanninsu a hannun kabilun nan suka karɓe shi, ba kuwa da ciniki ba. Mafi yawan ruwan da suke ja wata ciyawa ake nomawa da shi mai suna alfalfa, wadda ake yi wa dabbobi harawa, tana kuwa cikin amfanin gona masu shan ruwa ƙwarai. Da hukumar ta zo da jakar kuɗi daga 2006, ta sayi manyan gonakin kiwo a Kwarin Idon Ruwa da ruwansu a kan kusan dala miliyan 80, ba a rasa masu sayarwa ba. Yawancin abin da suke faɗi game da birnin kuma son zuciya ne. Suna nuna hotunan manyan masaukai da ruwan da ake wasa da shi a ƙofarsu yana tashi sama, suna cewa ga inda za a kai ruwansu. Alhali kuwa masaukan duka ba su cin ko kashi ɗaya cikin goma na ruwan birnin. Masu sha dai talakawa ne, masu dafa abinci da masu wanki da direbobi da 'ya'yansu, waɗanda ba su san ma akwai wani Kwarin Maciji ba. Jihar Yuta ita ma, da gwamnanta Gary Herbert ya ƙi sa hannu a 2013 kan yarjejeniyar raba ruwan Kwarin Maciji, an yi masa tafi. Amma majalisar jihar tasa tun 2006 ta zartar da dokar gina nata bututun mai wajen mil 140, don janyo ruwan kogin Kolorado zuwa garin St. George. Laifi tudu ne.

Sai dai aibin mai magana ba ya ɓata gaskiyar maganarsa, kuma kotu a kan maganar ta tsaya. Shari'ar ta yi tsawo, ba sai an bi ta daki daki ba. A 2010 Babbar Kotun Jiha ta soke izinin farko, domin an bar takardun sun shekara da shekaru ba a yanke hukunci ba, har waɗanda suka gaji filaye ko suka saya daga baya ba su sami damar kai kuka ba. Aka sake zama, a 2012 Injiniyan Jiha Jason King ya ba da mudu 84,000 ɗin nan daga kwari huɗu. A watan Disamba na 2013 alƙali Robert Estes ya mai da hukuncin baya. Ya ga cewa bisa lissafin da aka kawo gabansa, ko bayan shekara 200 ana ja, ruwan Kwarin Idon Ruwa ba zai daidaita ba, ajiyar ƙasa za a yi ta ci, wannan kuwa zalunci ne ga jikokin da ba a haifa ba. Ya ga alkawarin awo bai faɗi iyakar da in an kai ta za a tsaya ba. Ya kuma ga ruwan sauran kwari ukun yana bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo a waɗansu idandunan ruwa can kudu, inda tuni aka ba waɗansu mutane shi, watau za a sayar da akuya guda ga mutum biyu. A 2018 Injiniyan ya ƙi ba da ruwan, yana faɗi a fili cewa umurnin kotu ya bi, ba ra'ayinsa ba. A watan Maris na 2020 alƙalin ya tabbatar da hanin, hukumar ba ta ɗaukaka ƙara ba, a watan Mayu kuma majalisarta ta jingine shirin.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a kan bututun nan, hukumar ce da kanta ta kawo ta, ba da baki ba, da aiki, kuma a nan ta cancanci yabo. Ta lura cewa ruwan da aka yi amfani da shi cikin gida, na wanka da wanki da bayan gida, ba ya ɓata. Ana tace shi a mai da shi tafkin Mid, kowace galan da aka mayar kuma ana ba birnin damar ɗibar wata a madadinta. Wanda ke tafiya ba dawowa shi ne na waje, wanda ake zuba wa ciyawar ado a ƙofar gida da gefen titi, a ƙasar da rana ke ƙuna kamar wuta. Wannan ya kai wajen kashi shida cikin goma na ruwan birnin. Tun 1999 sai hukumar ta soma biyan mutane kuɗi su tumɓuke ciyawar su shuka itatuwan hamada. Aka sa ranakun ban ruwa, aka sa masu zagayawa suna cin tarar wanda ya bar ruwa na kwarara a titi. A 2021 majalisar jiha ta yi doka a kawar da ciyawar da ba ta da wani amfani sai kallo a gefen tituna da harabar ofisoshi.

Ga abin da ya fito. A 2002 yankin ya ci wajen mudu 325,000 na kogin Kolorado, ya ma zarce rabonsa. A 2021 wajen 242,000 ya ci, alhali jama'a sun ƙaru da wajen mutum 750,000. Mai karatu ya ɗebe wannan daga wancan, zai sami 83,000. Kusan daidai da abin da aka shekara talatin ana shari'a a kansa ke nan, aka same shi cikin birni, ba a haƙa rijiya ko ɗaya a kwarin kowa ba. Da an ba hukumar ruwan arewa tun da ta fara nema, da wuya ta matsa wa mutanenta haka, gama tumɓuke ciyawar mai jefa ƙuri'a ya fi ɗibar ruwan baƙo wuya. Taurin kan mutanen kwari na cikin abin da ya tura birnin ga hanyar da ta fi masa araha.

Game da tsoron ƙafewar tafki kuwa, maganinsa ma a tafkin aka same shi. Hukumar ta haƙa rami mai wajen mil 3 ta ƙarƙashin tafkin Mid, ta fasa wata sabuwar kafar zuƙar ruwa a can gindinsa, aka gama a 2015 a kan dala miliyan 817, sa'an nan a 2020 aka gama gidan famfon da zai iya ɗaga ruwa ko tafki ya yi ƙasa ƙwarai. Ba a daɗe ba aka ga amfaninsu. A 2021 gwamnatin Amurka ta yi shelar ƙarancin ruwa a kogin, karo na farko a tarihinsa, aka rage wa Nebada mudu 21,000 a shekarar da ta biyo. A watan Afrilu na 2022 tsohuwar kafar zuƙar ruwa ta farko ta fito fili, ana ganinta a jikin dutse sama da ruwa, a watan Yuli kuma tafkin ya sauka har abin da ya rage cikinsa bai fi rubu'i da kaɗan ba. Ranar da aka yi ta tsoratar da mutane da ita ta zo ke nan, famfunan Las Begas kuwa ba su daina zuba ba.

Sa'ad da hukumar ta jingine shirin a 2020, ba ta haɗa da sayar da gonakin nan da ta saya a Kwarin Idon Ruwa ba. Ta riƙe su, da shanunsu da tumakinsu da haƙƙin ruwan da ke kansu, ma'aikatanta na noman harawa kamar sauran maƙwabta. Mutanen kwarin ma ba su rushe ƙungiyarsu ba.